Zafi ya tafi ba shi ne gwiwa ta warke ba

Duk wanda ya taɓa buga bal a Jos ya san irin filayenmu, ƙasa ce mai tauri ga tsakuwa, da rani kamar siminti da damina kuma santsi, ga sanyin Disamba da za ka shiga fili jiki bai gama sakewa ba. A irin wannan filin ne wajen Rikkos ƙanina ya juya zai bi bal, ba wanda ya taɓa shi fa, ko kafaɗa ba a sa masa ba, ƙafar ce ta kafe a ƙasa jikin ya juya, sai kawai muka ga ya zube yana riƙe da gwiwa. Da na isa kansa abin da ya fara ce min shi ne "Yaya, na ji wani abu ya yi ƙas a ciki." Kafin magariba gwiwar ta kumbura kamar an hura ta.

Bayan sati 3 kumburi ya sace, yana tafiya ba ɗingishi, yana hawa bene, har ya fara ɗan gudu da safe. Kowa ya ce ya warke, shi ma ya ce ya warke, ni ma da bakina na ce Alhamdulillahi ashe targaɗe ne kawai. Ya koma tirenin, rana ta biyu gwiwar ta zame masa ya sake faɗuwa, kuma wannan karon ko miƙe ƙafar ya kasa yi. Sai da aka yi MRI, hoton da ke nuna abin da ke cikin gaɓa, muka san gaskiya, jijiyar nan ta tsakiyar gwiwa da ake kira ACL, mai ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri, ta tsinke tun faɗuwar farko, komawar da ya yi kuma ita ta yaga masa guringuntsin da ke cikin gwiwar. Wato rauni ɗaya ya zama biyu, kuma na biyun mu muka jawo shi da gaggawarmu.

Tun daga lokacin nake bin wannan maganar, ina tambayar likitoci da masu fisiyo, wato masu farfaɗo da gaɓa ta hanyar motsa jiki, ina karantawa, kuma abin da na gane wanda nake so duk koci da duk iyaye da duk yaron da ke buga bal a unguwa ya riƙe shi ne, ranar da zafi ya tafi daban, ranar da jiki ya gama gyara daban, kuma tsakaninsu wani lokaci watanni ne. A cikin wannan ratar ne yaranmu suke rasa ƙafafunsu.

Wanda ya taɓa gini zai fi saurin ganewa. In an zuba dakin, wato rufin kankare, kwana biyu ka taɓa shi za ka ji ya bushe, har ka iya takawa a kai, amma ba maginin kirki da zai cire katakon da ke tokare da shi a ranar, sai a yi ta ba shi ruwa ana jira, domin kankare sai ya yi wajen kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafi da shi. Jiki ma haka yake aiki. Kwanakin farko bayan rauni, kumburi da zafi da ɗumin wurin duk aiki ne jiki yake yi, jini yana kawo ma'aikatan da za su kwashe abin da ya lalace. Daga nan sai jiki ya fara saƙa sabon zare a wurin da ya yage, cikin 'yan makonni, amma zaren nan na farko siriri ne kuma a hargitse yake, ya dai toshe ramin ne kawai. A daidai nan zafi ke tafiya. Abin da ya rage shi ne aiki mafi tsawo wanda ba a gani ba a ji, jiki yana canza wancan zaren mai rauni da mai ƙarfi yana jera shi ta inda nauyi ke bi, kuma wannan yakan ɗauki watanni, a wasu jijiyoyin har ya wuce shekara.

Wani abin da ke ƙara ruɗa mu har da yarenmu a ciki. Da Hausa kusan komai jijiya ne, wadda jini ke bi jijiya, wadda ke kai saƙo ƙwaƙwalwa jijiya, wadda ta ɗaure ƙashi da ƙashi jijiya, wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi ita ma jijiya in ba ka ce agara ba. To in an ce wa yaro "jijiya ce kawai" sai ya ji kamar an ce ba komai, alhali ba su da kama wajen warkewa. Sirrin yana ga jini. Tsoka tana samun jini sosai shi ya sa ƙaramin rauni a bayan cinya zai iya lafawa a sati 2 ko 3, duk da shi ma ya iya dawowa in an yi masa gaggawa. Ƙashi ma yana da jini, karayar da aka daidaita ta da kyau takan haɗe tsakanin sati 6 zuwa 12. Amma jijiyoyin da ke ɗaure gaɓa jininsu kaɗan ne, ita ACL kuma tana can tsakiyar gwiwa cikin ruwan gaɓa, in ta tsinke gaba ɗaya da wuya ta koma yadda take da kanta. Shi ya sa za ka ga wanda ya karye a ƙwauri ya riga wanda "ba abin da ya karye" komawa fili, mutane suna mamaki.

Wannan kalmar ta "ba karaya" ta cuci mutane da yawa wallahi. Ka je a ɗauki hoton ƙashi, a ce maka ƙashi lafiya lau, sai ka dawo gida kana murna. Amma wannan hoton ƙashi kawai yake nunawa, ba ya ganin jijiya ba ya ganin guringuntsi, MRI ne ke ganinsu kuma na san yana da tsada, ba kowa zai iya ba. Sai dai likitan ƙashi ko mai fisiyo da ya san aikinsa yana iya gane abubuwa da yawa da hannu, ya riƙe cinya ya ja ƙwauri gaba ya ji ko akwai abin da ya tsayar da shi. In ka ji ƙara lokacin da abin ya faru, gwiwa ta kumbura cikin 'yan awanni, ko daga baya tana zame maka in ka juya, ko tana maƙalewa ta ƙi miƙewa, to kada ka tsaya a "ba karaya". Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, JUTH, da ke Lamingo suna da sashen ƙashi da na fisiyo, ga asibitin ƙashi na Dala a Kano ga mai halin zuwa. A idon sawu kuma akwai wata ƙa'ida mai sauƙi da likitoci ke amfani da ita, in mutum ya kasa taku 4 a kan ƙafar, ko in an danna kan ƙashin idon sawun kansa ya ji zafi, to a ɗauki hoto.

Maganar maɗori kuwa ba zan zage su ba, don kusan duk gidanmu akwai wanda aka taɓa yi wa ɗori ya tashi, suna kusa da mutane, kuɗinsu da sauƙi, kuma suna ba ka lokacinsu. Amma mu faɗi gaskiya, hannu ba ya gani cikin gwiwa. Jijiyar da ta yage in aka kama ƙafa aka ja ta da ƙarfi aka murza wai ana gyaran targaɗe, ƙara yaga ta ake yi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ɗaurin da ake matse shi da kara da tsumma a kan ƙafar da ba ta gama kumbura ba, ƙafa tana ƙara kumburi ɗauri ba ya sakewa, jini ya kasa wucewa, a haka ne ake kai yara asibiti ƙafa ta riga ta mutu sai yankewa. In bayan ɗori yatsu sun yi sanyi ko sun canza launi, ko mutum ya daina jinsu, ko zafin yana ta ƙaruwa ba ya jin magani, a kwance a tafi asibiti a daren, ba sai gari ya waye ba, ba kuma maganar "daure, kai namiji ne" ba ce.

Kwanakin farko fa mu abin da muka saba shi ne ruwan zafi da tawul, a gasa wurin a shafa Robb ko Aboniki a murza sosai. A sabon rauni wannan yana ƙara zubar jini a ciki ne, kumburi ya ƙaru. Abin da ya fi shi ne a sauke wa wurin nauyi kwana 2 ko 3, a naɗa bandeji ba matsewa sosai ba, a ɗaga ƙafar sama. Ƙanƙara tana rage zafi in an naɗe ta a tsumma an ɗora na ɗan lokaci, amma ita ma ba ita ke warkarwa ba. Likitan nan na Amurka Gabe Mirkin da ya fito da tsarin hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗaga ƙafa a 1978, shi da kansa a 2014 ya dawo ya ce yawan ƙanƙara da dogon hutu suna iya jinkirta warkewa, tunda kumburin farko yana cikin aikin gyaran.

Sai kemis. Nan ne zuciyata take ɓaci sosai. Yaro yana da maci da yamma, gwiwa na ciwo, sai ya biya ya sha diclofenac biyu ko a yi masa allura, wasu har tramadol, ya shiga fili yana jin kamar ba abin da ya same shi. Zafin nan mai gadi ne, shi ke ce maka tsaya nan akwai ɓarna, in ka ba mai gadi maganin barci ɓarnar ba ta tsaya ba, kai ne dai ba ka ji. Ban da abin da yawan shan irin su diclofenac ke yi wa ciki da ƙoda, tramadol kuma duk mun ga inda ya kai samari a unguwanninmu.

To amma akwai ɗaya kuskuren, wanda shi ba a cika maganarsa ba saboda kama da hankali yake yi, wato a kwantar da mutum a ce kada ya motsa sai ya warke. Bayan an yi wa ƙanina aiki, Hajiyarmu ko kofin ruwa ba ta so ya tashi ya ɗauka, tausayi ne na uwa. Ranar da mai fisiyo ya sa aka kawo tef ɗin tela ya auna cinyoyin biyu a gabanta sai ta yi shiru, ta ciwon ta rame kamar ba tasa ba. Gwiwa in ta kumbura ƙwaƙwalwa da kanta take rage wa tsokar gaban cinya wuta, tsokar da ba ta aiki kuma cikin 'yan makonni take zubewa, gaɓar da ba a lanƙwasa ta sai ta sandare. Kuma sabon zaren nan da na ce jiki yana saƙawa, nauyi ne ke koya masa ta inda zai jeru, in ba a ɗora masa komai ba haka zai zauna a hargitse. Don haka warkewa ba kwanciya ba ce ba kuma gudu ba ce, ɗora nauyi ne kaɗan kaɗan ana sauraron amsar da gaɓar za ta bayar. In ka yi motsa jiki yau gobe ka tashi gwiwa ta kumbura, ka wuce gona da iri, koma baya taki ɗaya. In ba ta ce komai ba, ƙara kaɗan.

Mutanenmu da yawa sun ɗauka fisiyo tausa ce da na'urar da ke ɗumama wuri. Ainihin aikin gumi ne, kuma yawancinsa a gida za ka yi shi kai kaɗai ba mai tafa maka. Matse cinya kana kwance, ɗaga ƙafa a miƙe, neman gwiwa ta miƙe sarai kamar ɗayar tun da wuri, tashi da zama daga kujera, hawa matakala ɗaya ka sauko, keke, daga baya ƙarfe. Sannan tsayuwa da ƙafa ɗaya, wadda yara ke rainawa. A cikin jijiyoyin gaɓa akwai 'yan ƙananan masu kai rahoto da ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda ƙafa take ko ba ka kalla ba, rauni yana lalata su, shi ya sa wanda idon sawunsa ya taɓa gurɗewa yake ta sake gurɗewa a wuri ɗaya, ba wai ƙafar ce ke da baƙin jini ba, rahoton ne ke zuwa a makare. Ana sake koya mata, da ƙafa ɗaya a ƙasa, sannan ido a rufe, sannan a kan filo, sannan ana jefo maka bal.

Abinci ma yana ciki, jiki ba zai yi gini ba bulo. Wake, ƙwai, kifi, awara, nono, gyaɗa, duk abin da aljihu ya iya, da barci isasshe. Mai shan sigari kuma ya sani tana jinkirta haɗewar ƙashi.

Aikin ACL ɗin kansa ba ɗinke tsohuwar ake yi ba yawanci, wani yanki ake cirowa daga agarar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa ko ta bayan cinya a dasa a madadinta. Abin da ya ba ni mamaki da aka yi min bayani shi ne wannan dashen ba ƙara ƙarfi yake yi kai tsaye ba, a watanni na biyu da na uku rauni yake ƙara yi kafin jiki ya mayar da shi jijiya, kuma daidai lokacin ne mutum ya ajiye sanduna yana jin garau. Ka ga tarkon. Ba kuma kowa ne sai an yi masa aiki ba, wanda ba zai koma wasan juyi da birki ba wani lokaci fisiyo mai kyau ya ishe shi, wannan shawara ce tsakaninsa da likita.

Mu duba waɗanda muke kallo a gidan kallo mana. Van Dijk ya ji nasa a wasan Liverpool da Everton a Oktoban 2020, bai sake buga wasan gasa ba sai Agustan 2021, kuma shi kyaftin ɗin Holan ne amma da kansa ya haƙura da gasar Turai ta bazarar 2021 don gwiwa ta gama. Rodri ya ji nasa a wasa da Arsenal a Satumban 2024, da sanduna ya hau ya karɓi Ballon d'Or, sai Mayun 2025 ya dawo, bayan dawowar ma ya yi ta fama da raunin tsoka. Ronaldo na Brazil ya ji ciwo a gwiwa a Nuwamban 1999 yana Inter, ya dawo a Afrilun 2000 a wasa da Lazio, bai yi minti 10 a fili ba agarar gwiwar ta tsinke gaba ɗaya, kakar da ta biyo baya duk bai buga ba, sai ga shi a 2002 ya ci ƙwallo 8 a kofin duniya. Waɗannan mutane ne da ke da likitoci da masu fisiyo da injina da abinci kullum safe da yamma, kuɗi bai iya sayo musu gajeriyar hanya ba. Akwai binciken da aka wallafa a 2016 kan 'yan wasan da aka yi wa aikin ACL, ya nuna duk wata ɗaya da aka jinkirta komawa har zuwa wata na 9, haɗarin sake jin rauni yana raguwa da kusan rabi. To yaronmu na Gangare ko Anguwan Rogo da ke zuwa fisiyo sau ɗaya a sati in an samu kuɗin keke, ta yaya za a ce wata 4 ya isa?

Na san dalilin gaggawar kuma ba na ganin laifin yaran. Garin da ya fitar da Mikel Obi da Ahmed Musa da Moses Simon, garin da Plateau United ta ɗauki kofin firimiyar Najeriya a 2017, kowane yaro yana ganin saura ƙiris shi ma. An ce masu neman 'yan wasa za su zo wata mai zuwa, shekaru suna tafiya, wani ya karɓi lambarka, ba kwantiragi ba inshora, in ba ka buga ba ba wanda zai tuna da kai. Shi ya sa bai kamata a bar wa yaro hukuncin ba. Ka tambayi ɗan bal "za ka iya?" amsarsa ɗaya ce. Taiwo Awoniyi ma da ya bugi turken raga a wasan Nottingham Forest da Leicester a Mayun 2025 komawa fili ya yi, daga baya sai ga shi an yi masa aikin gaggawa a ciki. Haka in an yi karo da kai yaro ya ga jiri ko ya rikice, a fitar da shi, ba zuba masa ruwan leda a ka a mayar da shi ba, ranar ya gama bal. Koci, wannan nauyin a wuyanka yake.

Akwai kuma ciwon da ba ya fitowa a hoto. Satin farko ɗaki cike da abokai, wata na biyu sai ɗaya ɗaya, wata na huɗu kana jin ihun fili daga taga kai kana ɗaga ƙafa sau 20. Ƙanina abin da ya fi taɓa shi ba bal ba ne ma, sallah a kan kujera ce a sahun dattawa, yaro ɗan shekara 19, ga wahalar banɗakin tsuguno da ba mai faɗa. Ya yi shiru ya daina cin abinci sosai. Abin da ya taimaka shi ne kocinsu ya ce ya riƙa zuwa fili yana riƙe musu agogo da usur, ya ji har yanzu da shi ake. Tsoro kuma gaskiya ne, wanda yake shiga tackle da rabin zuciya yana kare ƙafa ɗaya, ɗayar yake jefawa a haɗari.

Komawa fili ba kalanda kaɗai ke yanke ta ba, wata 9 ɗin shi ne mafi ƙaranci, ana iya wuce shi. Ana so gwiwa ta daina kumbura ko bayan aiki mai nauyi, ta miƙe ta lanƙwashe kamar ɗayar, ƙarfin cinya da tsallen ƙafa ɗaya su kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na lafiyayyar, kuma wannan tsallen ko a tsakar gida ana iya auna shi da alli da tef. Daga nan gudu a miƙe, sannan juyi da birki, sannan tirenin ba karo, sannan da karo, sannan minti 15 a wasan sada zumunci. Ga sauran yaran da ba su ji ciwo ba tukuna, akwai tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+, minti 20 ne, kyauta yake a intanet, ba ya buƙatar komai sai fili, kuma an gwada shi an ga yana rage raunuka sosai. Ya fi zagaye fili sau biyu a buga tsalle a ce a fara, musamman da sanyin safiyar Jos.

Yanzu ƙanina yana wata na 7 da aiki. Yana gudu a miƙe, ya koma sujada da zaman tahiya ba kujera. Satin da ya wuce wani kocin wata unguwa ya kira ni, ya ce "Yaya, don Allah ka ba mu shi ko rabin lokaci ne, kofi za a fara, na gan shi yana gudu lafiya lau." Na ce masa Koci ka yi haƙuri. Da yamma muka fita tsakar gida da alli, ya yi tsalle da lafiyayyar na ja layi, ya yi da ɗayar na ja layi, tsakanin layukan biyu ya fi tafin hannuna biyu. Ya tsaya ya kalli layukan ya daɗe, sannan ya ce "Yaya, sati nawa kake gani?" Na ce ranar Talata za mu tambayi mai fisiyo, ya ɗauko robarsa ta motsa jiki ya ɗaura a ƙafar gado ya ci gaba da ja.